Kirdadon Wasan da Bai Fito Ba: Daga Hammerfell zuwa Tsotsebaki

Wata ranar Laraba, bayan na kammala darasin Faransanci da ƴan ajin ƙarshe a nan Mirriya, ina cikin tattara takarduna sai na ji gardama ta kaure a bayan aji tsakanin ɗalibai biyu. Da farko na ɗauka zancen ƙwallo ne, domin shi ya saba tayar da jijiyar wuya a wannan lungu. Da na kasa kunne sai na ji ana ambaton wata yarjejeniyar sulhu, da wani birni da aka yi wa ƙawanya, da wata nahiya da teku ya haɗiye. Ɗaya yana cewa wanda ya rubuta labarin hafsan soja ne na ɓangare guda, saboda haka ba a karɓar maganarsa sai an tace. Ɗayan yana cewa ko an tace, shekarun da ya kawo sun dace da na wata ruwayar. Na tambaye su wace ƙasa ce wannan. Suka sunkuyar da kai, suka ce ba ta cikin taswirar duniya, ƙasa ce ta cikin wasan bidiyo, kuma wasan da suke musu a kansa bai ma fito ba tukuna.

Na yi musu faɗa irin na malamin da ya san jarrabawa ta gabato. Amma a kan hanyata ta komawa gida abin ya tsaya mini a rai. Shekara da shekaru ina fama in koya wa yara su tuhumi rubutu, su tambayi wanda ya yi shi, da wanda aka yi dominsa, da abin da ya tsallake, ban cika samun biyan buƙata ba. Ga shi yanzu biyu daga cikinsu suna yin haka don raɗin kansu, a kan tarihin da kowa ya san ƙage ne. Da hutu ya zo sai na ari kwamfutar wani ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, na zauna na bincika lamarin. Abin da na gano shi nake son gabatar wa malamai ƴan uwana da ƙungiyoyinmu na raya al'adu.

Daƙiƙa talatin da shida

Jerin wasannin sunansa The Elder Scrolls, wato Daɗaɗɗun Takardu, na kamfanin Bethesda da ke Amurka. Na farko ya fito a 1994, na biyu Daggerfall a 1996, sai Morrowind a 2002, Oblivion a 2006, sannan Skyrim ranar 11 ga Nuwamba 2011. A 2023 jagoran shirya wasannin, Todd Howard, ya bayyana cewa an sayar da Skyrim fiye da miliyan 60. Dukkansu almara ce mai dodanni da tsafi da takubba, a wata ƙagaggiyar nahiya mai suna Tamriel, kuma kowane wasa yakan zaɓi wani yanki na nahiyar ya kafa labarinsa a can.

A watan Yunin 2018, a bikin baje kolin wasanni na Los Anjeles, kamfanin ya nuna wani ɗan majigi na kimanin daƙiƙa 36: duwatsu masu launin ƙasa, bakin teku, sai sunan wasa na shida. Babu mutum, babu magana. Har ƙarshen 2025 kamfanin bai faɗi inda labarin zai gudana ba, bai kuma sa ranar fitowa ba. Wannan shiru na fiye da shekara bakwai shi masoya wasan suka cike da hasashe, kuma mafi rinjayen hasashen ya faɗa kan yankin Hammerfell.

Hujjojinsu ba na banza ba ne. Yanayin duwatsun majigin ya fi kama da busasshiyar ƙasa mai iyaka da teku. A jajibirin shekarar 2021 kamfanin ya fitar da hoton taswira da kyandirori, ɗaya daga cikinsu yana ci kusa da sunan Hammerfell. Mafi ƙarfi kuwa, wasan Skyrim da kansa ya bar igiyoyin labari da dama suna reto a wannan yanki. Akwai masu cewa maƙwabciyarta High Rock ce, akwai masu cewa biyun za a haɗa, tun da gaɓar teku ɗaya suke raba. Hausawa suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to waɗannan mutane Larabar suke karantawa.

Abin da ƙagaggen tarihin ya tanada

Hammerfell ƙasar wasu baƙaƙen mutane ce da ake kira Redguard, waɗanda ɗalibaina suka Hausantar zuwa Radgadawa, ni ma zan bi su a haka. A tsakiyarta akwai hamadar Alik'r, a gefenta biranen kasuwanci na bakin teku. Asalinsu daga wata nahiya ta yamma ne mai suna Yokuda, wadda ta nutse. Mayaƙansu ne suka fara isowa suka share ƙasa da takobi, daga baya gidajen sarauta suka biyo. Daga nan al'ummar ta rabu biyu: Masu Kambi, zuriyar tsohuwar sarauta, masu riƙo da al'adar kakanni, da Ƴan Gaba, zuriyar mayaƙan farko, mazauna gaɓar teku, masu cuɗanya da baƙi.

Shekara talatin kafin lokacin labarin Skyrim, a shekara ta 171 ta ƙidayar wasan, yaƙi ya ɓarke tsakanin Babbar Daula, wadda Hammerfell ke ƙarƙashinta, da daular Aldmeri ta jinsin Elf, wasu halittu masu siffar mutane da tsawon rai. A 175 Babbar Daula ta sayi zaman lafiya da sharaɗin miƙa kudancin Hammerfell. Radgadawa suka ƙi, daular ta yi watsi da su, suka ci gaba da yaƙi su kaɗai har shekara biyar, sai a 180 abokan gaba suka janye. A cikin wannan yaƙi ne rundunar Ƴan Gaba ta kai ɗauki ga Hegathe, birnin Masu Kambi da aka yi wa ƙawanya, tsofaffin abokan hamayya suka haɗa kai.

Daga wannan, mai karatu na iya yin nasa kirdadon, ni ma ga nawa. Idan wasa na shida ya sauka a Hammerfell, abu uku ne tarihin ya wajabta masa. Na farko, rikicin bayan nasara. Mutanen da tsoron maƙiyi ɗaya ya haɗa, idan maƙiyin ya tafi, tsohon ciwo yakan dawo, kuma mu da muka san abin da ya biyo bayan 1960 a ƙasashenmu ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Ina kyautata zaton mai wasa zai tarar da ƙasa mai ƴanci wadda ba ta daidaita kan ma'anar ƴancin ba: a koma ga tafarkin kakanni, ko a buɗe tashoshin jiragen ruwa ga kowa. Na biyu, ɓatacciyar fasahar mawaƙan takobi, jaruman da aka ce sukan zare takobi daga ruhinsu ba tare da ƙarfe ba. Kamar yadda Skyrim ya ba mai wasa tsawar dodanni a matsayin baiwarsa ta musamman, da wuya kamfanin ya bar wannan taska a rufe. Na uku, ƙabilar Ash'abah, wadda ta bayyana a wasan The Elder Scrolls Online na 2014. Radgadawa sun haramta wa kansu ɗaga makami a kan matattunsu ko da tsafi ya tayar da su, sai wannan ƙabila ta ɗauki aikin, kowa yana buƙatarta, kowa kuma yana ƙyamarta. Duk wanda ya san yadda ake kallon wasu gidajen sana'a a garuruwanmu, ana cin moriyarsu amma ba a ba su aure, zai gane cewa nan ne labarin ya fi zurfi.

Tsagar bango

Sai dai abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka gina wannan tarihi. Ba a ba mai wasa shi a dunƙule da murya ɗaya. An warwatsa shi cikin ɗaruruwan ƙananan littattafai da ake tsinta a gidaje da kogunan cikin wasan, kowanne da marubucinsa, kowane marubuci da son zuciyarsa. Littafin da ya ba da labarin babban yaƙin, wanda ɗalibaina ke musu a kansa, an sa shi a bakin wani hafsan Babbar Daula, wato ɓangaren da ya yi watsi da Hammerfell. Nutsewar Yokuda ma ruwayoyi sun saɓa: wasu sun ce girgizar ƙasa ce, wasu sun ce wasu ƴan tawaye daga mawaƙan takobi ne suka yi saran da aka haramta, ƙasa ta tsage.

Misali mafi kyau yana cikin Skyrim. Mai wasa yakan haɗu da wata Baradgadiya, Saadia, tana aikatau a wani masauƙi a ɓoye, wasu mayaƙan Alik'r ƙarƙashin Kematu suna nemanta. Ita ta ce ana farautarta ne don ta soki daular Aldmeri. Shi ya ce ita ce ta ci amanar birnin Taneth ta miƙa shi ga daular. Dole mai wasa ya zaɓi wanda zai gaskata, kuma har a gama ba a faɗa masa wanda ya yi ƙarya. Tun 2011 ake wannan musu bai mutu ba.

Mun saba cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, muna nufin ɓaraka. A fagen labari kuwa tsagar nan ita ce ƙofar mai karatu. Labarin da aka shafe shi sumul, aka toshe kowace kafa, ana haddace shi a manta. Wanda aka bar wa giɓi da saɓani shi ke sa mutum ya kwana yana tunani. Tsofaffinmu mata sun san haka: yaron da ya san halin Gizo da Ƙoƙi yakan riga mai tatsuniya faɗin abin da zai biyo, daɗinsa kuwa shi ne ya ga ko ya canka. Saboda haka ma'aunin da zan auna wasa na shida da shi guda ne. Idan ya bar Masu Kambi da Ƴan Gaba da Ash'abah kowa ya yi magana da bakinsa, har mai wasa ya rasa wanda zai ba gaskiya gaba ɗaya, ya cika alkawarin tarihinsa. Idan ya mayar da su rairayi da raƙuma da rawani, ya ci amanarsa.

Dalilin fargaba

Wannan fargaba tana da tushe. A cikin Skyrim abin da dogaran birni suka sani game da mayaƙan Hammerfell bai wuce lanƙwasar takubbansu ba, har abin ya zama barkwanci tsakanin masu wasa. Ya kamata kuma mu yi adalci, Radgadawa ba hoton wata al'ummar Afirka guda ba ne. An kwaɓa su ne daga Magariba da Larabawa da ƴan fashin teku, har da Japan, domin gwarzonsu Frandar Hunding da littafinsa na dabarun takobi an ɗora su a kan Miyamoto Musashi na ƙarni na 17. Kwaɓi ba laifi ba ne a almara. Laifin shi ne a tsaya ga tufafi a bar mutum.

Muna da misali na kusa da gida. Ranar 11 ga Fabrairu 2025 kamfanin Firaxis ya fitar da Civilization VII, wasan gina dauloli, ya sa Sarauniya Amina ta Zazzau cikin shugabannin da ake zaɓa. Abin farin ciki ne miliyoyin mutane su ji sunanta. An ba ta baiwar tara dukiya daga albarkatu, wannan kuwa ya dace da Tarihin Kano, wanda ya ambaci harajin da garuruwa suka riƙa kai mata, har da goro dubu goma daga Sarkin Nupe. Amma an kuma ƙara wa sojojinta ƙarfi a fili da hamada, alhali Zazzau ƙasar dausayi ce, ruwan da ke sauka a Zariya ya ninka na Damagaram fiye da sau biyu. Wasan ya fito ba tare da wata daular Hausa ba, sai aka jingina ta ga Songhai. Saɓanin da ke kan zamaninta, Tarihin Kano ya sa ta a ƙarni na 15, ruwayar Zazzau ta kai ta na 16 a matsayin ɗiyar Bakwa Turunku, ba shi da gurbi a cikin irin wannan wasa. Idan aka yi haka ga sarauniyar da ta bar ganuwa a ƙasa, mai kirdadon Hammerfell yana da dalilin yin kaffa-kaffa.

Na san wasu malamai za su ce duk wannan ɓata lokaci ne, kuma maganarsu tana da ƙanshin gaskiya. Kamfanin da Microsoft ya saya tare da uwar kamfaninsa a kan dala biliyan 7.5 a 2021 yana cin ribar wannan hasashe, talla ce da ba ya biya. Yaron da ya ƙarar da kuɗin katin salularsa wajen kallon masu sharhi da Faransanci, ranar jarrabawa ba Hammerfell za a tambaye shi ba. Wasu kuma za su ƙyamaci allolin ƙage da ke cikin wasan. A nan sai in tuna musu cewa tatsuniya ma takan rufe da shaida wa masu saurare cewa ƙarya ce, ba ta taɓa hana yaro salla ba, matuƙar akwai babba kusa da ke bambance masa. Ba kira nake a shigo da wasan cikin aji ba, akasarin ɗalibanmu ma ba su da na'urar da za ta ɗauke shi. Dabarar nake so mu ɗauka.

Namu tarihin

Tambayar da ta dame ni ita ce, me ya sa yaran da suka san yarjejeniyar shekara ta 180 a ƙasar da babu ita ba su taɓa yin gardama a kan Tsotsebaki ba, alhali kullum suna wucewa ta ƙofar fadarta? Amsar tana wuyanmu. Muna ba su tarihin gida a matsayin jerin sunaye da shekaru, bango sumul, mu ce su haddace.

Alhali namu ya fi na Tamriel tsaga. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ratsa Mirriya a ƙarshen 1852 a hanyarsa ta zuwa Zinder, ya rubuta cewa a da ita ce babban birnin yammacin Borno, sai ta fara ja baya bayan da Sulaiman ya kafa Zinder. To, yaya fadar Damagaram ke ba da wannan labari, yaya kuma tsofaffin Mirriya ke ba da shi? Kisan Kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898, takardun Faransa sun kira shi cin amana, amma me Sarki Amadu Kuren Daga ya hango game da tafiyar baƙon zuwa wurin Rabeh? Tanimun da ya gina ganuwa ya ƙera igwa, gwarzo ne a wasan kwaikwayon André Salifou, shin haka yake a bakin garuruwan da dawakinsa suka taka? Fim ɗin Mahamane Bakabé na 1982 a kan makircin 1906, sunansa kansa, Si les cavaliers, kirdado ne: da a ce mahaya sun zo fa? Sarauniyar Lugu kuwa darasi ce a kan ikon mai ƙaga labari. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 sun yi tasirin da har yawancin yaranmu ba su san cewa Sarauniya muƙami ne da ake gada a Lugu ba, sun ɗauka sunan mace guda ce. Wanda ya fara tsara labari da kyau, nasa ake ɗauka a matsayin asali.

Da aka koma makaranta na gwada wani abu a darasin Hausa. Na raba aji gida uku, na ce su ɗauka za a shirya wasa a kan Damagaram ta ƙarni na 19, aikinsu shi ne su rubuta ƙananan takardun da mai wasa zai tsinta: ɗaya da muryar marubucin fada, ɗaya da muryar fatake masu zuwa Kano da Agadas, ɗaya da muryar maginiyar tukwane ta Mirriya. Sharaɗi guda na gindaya, duk abin da za su rubuta sai sun faɗi daga bakin wa ko daga wane littafi suka samo tushensa. Wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta je wurin kakarta, ta dawo da ruwayar da ta saɓa wa abin da na rubuta musu a allo. Na so in gyara mata, sai na tuna da Saadia da Kematu, na kame bakina. Aji ya kwashe awa guda yana musu, aka buga ƙararrawa ba wanda ya tashi. Ɗaya daga cikin yaran nan biyu na farko shi ya tambaye ta shekarun kakar, da garin da aka haife ta, da wanda ta ji labarin daga gare shi.

Ga ƙungiyoyinmu na al'adu, roƙona shi ne idan za a tattara labarin gari, kada a tace shi a fitar da ruwaya ɗaya don gudun ɓacin ran wani gida. A naɗi kowace murya, a rubuta sunan mai ita da unguwarsa da ranar da aka ɗauka, a ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Matasan Afirka sun fara shirya nasu wasannin, kamar Aurion da kamfanin Kiro'o na Kamaru ya fitar a 2016. Ranar da wani ɗan Damagaram zai tashi yin nasa, abin da muka ajiye shi zai tarar. Idan bai tarar da komai ba, zai ɗauko rairayi da lanƙwasasshen takobi daga wurin waɗanda suka riga shi, kuma ba za mu sami bakin zarginsa ba. Tsofaffin da ke riƙe da waɗannan ruwayoyi ba za su jira mu shekara bakwai ba kamar yadda ake jiran Bethesda.

Game da Hammerfell kuwa, na faɗa wa yaran nan biyu kirdadona, sun rubuta shi a bayan littafinsu tare da kwanan wata. Sun ce ranar da wasan ya fito, ko suna jami'a ko suna ina, za su neme ni su ba ni maki. Na amince, bisa sharaɗin su ci jarrabawarsu tukuna. Allah ya kai mu da rai da lafiya.